Richard Burns Rally: Yadda Za Ka Ci Moriyar Ƙarfinsa, Ka Kauce wa Rauninsa

Wasan bidiyo na tseren mota Richard Burns Rally ya fito ne a 2004. Kamfanin Warthog ya ƙera shi, SCi kuma ya kai shi kasuwa a kwamfuta da PlayStation 2 da Xbox. An sa masa sunan direban Birtaniya Richard Burns, wanda ya lashe gasar rali (tseren mota a hanyoyin daji da agogo) ta duniya a 2001 da motar Subaru Impreza, ya kuma rasu a watan Nuwamban 2005 yana da shekara 34, sanadiyyar ƙari a ƙwaƙwalwa. Shi ne malaminka a makarantar tuƙi ta cikin wasan, abokin tafiyarsa Robert Reid kuma shi ke karanto maka hanya. Yau wasan ya haura shekara 20, amma masu son tseren daji na gaske ba su daina auna sababbin wasanni da shi ba.

Yawancin waɗanda suka gwada shi suka watsar, tun a kwanar farko ko ta biyu suka yanke hukunci. Sun shigo da gudu, sun murɗa sitiyari, motar ta miƙe ta rungumi bishiya, injin ya mutu, suka ce wasan ba shi da kan gado. Abin da ba su lura da shi ba shi ne wahalar wasan iri biyu ce. Akwai wadda aka saka da gangan: ƙuncin hanya, nauyin mota, birkin da ba ya yafiya. Wannan koyonta ake yi, don ita ake kunna wasan. Akwai kuma wadda tsufa ya jawo: hoton da ba ya dacewa da allon zamani, saitin abin tuƙi da aka tsara wa na'urorin da, kwaltar da ba ta yi kama da kwalta ba. Wannan gyara ta ake yi, ko a kewaye ta. Wanda ya cakuɗa su zai ɓata lokaci yana koyon abin da ya kamata ya gyara, yana kuma neman gyaran abin da hannunsa ne bai iya ba.

Abin da ke ciki tun asali

Motoci 8 ne kacal: Subaru Impreza ta 2000 da ta 2003, Peugeot 206, Citroën Xsara, Mitsubishi Lancer Evolution VII, Toyota Corolla, Hyundai Accent, sai autarsu MG ZR. Bakwai na farko masu jan taya huɗu ne da injin lita 2 mai turbo, irin manyan motocin gasar wancan zamani da doka ta taƙaita musu mashigar iska zuwa milimita 34, ƙarfinsu ya tsaya wajen doki 300, nauyinsu kuma ba ya gaza kilo 1,230. MG ɗin 'yar ajin Super 1600 ce, tayoyin gaba kaɗai ke ja.

Gasa 6 ce, a Ingila da Japan da Finland da Amurka da Faransa da Ostareliya, kowace da zango 6, wato yankin hanyar da ake auna lokaci a kai, jimilla 36, kuma wasu daga ciki hanya ɗaya ce aka juya ta ta baya. Zangunan gajeru ne. Noiker na Japan, wanda ya fi kowanne tsawo, bai cika kilomita 14 ba, Tanner kuwa bai kai 4 ba. Lasisin gasar duniya a lokacin yana hannun jerin wasannin da Evolution Studios ke yi wa Sony, don haka ba za ka ga jadawalin gasar gaske ba. Babu tsere ta intanet, sai dai karɓa-karɓa a na'ura ɗaya. Wasu motoci da zanguna ma a kulle suke sai ka ci gaba. Ta fuskar yawan kaya, wasan talaka ne, ko a zamaninsa.

Girka shi a kwamfutar yau

Ba a sayar da shi a Steam, kasuwar wasanni ta intanet, ko makamantansa, kamfanin da ya yi shi ma ya daɗe da rushewa. In faifan asali gare ka, ka girka shi a folda ta kansa, kamar kai tsaye a kan C ko wani faifan ajiya, kada ka sa shi cikin Program Files. Dalili shi ne Windows na hana manhajoji rubutu a can ba tare da izini ba, wasan kuma a foldarsa yake adana saiti da sakamako, sai ka tarar duk abin da ka saita ya ɓace bayan ka rufe. Daga nan ka ɗora facin gyaran wasan na 1.01, sannan 1.02, a jere. Ka kuma girka tsohon DirectX 9, manhajar Windows da wasanni ke fitar da hoto da ita, domin wanda ke zuwa da Windows na yanzu ba ya ɗauke da dukkan fayilolin da wasan ke nema.

Girman hoto a fayil ɗin RichardBurnsRally.ini ake saita shi. Ka buɗe shi da Notepad, ka sa faɗin allonka a layin XRes, tsayinsa a YRes, misali 1920 da 1080. An tsara wasan ne don allo mai siffar 4:3, shi ya sa a faffaɗan allo hoton ke miƙewa, motoci su yi ƙiba, kwanoni su yi kamar sun fi yadda suke buɗewa. Wannan ba matsalar ado ba ce kawai, tana sa ka kuskure lissafin birki. Maganinta ƙaramar manhajar FixUp, wadda ake jefawa cikin foldar Plugins. Ita ce kuma ke magance yawancin mutuwar da wasan ke yi idan aka kunna shi a cikakken allo.

Abin tuƙi

A nan ne mutane da yawa ke ɗora wa wasan laifin da ba nasa ba. Maɓallin kibod abu biyu ya sani, a danne ko a sake, motar nan kuwa tana buƙatar rabin totur da sulusin birki. Ana iya kammala zango da kibod, amma ba za ka taɓa jin abin da ake yabon wasan a kansa ba. Pad mai sanda da maɓallan da ke jin nauyin yatsa ya wadatar a fara. Sitiyari da feda su ne asalin abin da aka gina wasan dominsa.

A sashen saitin abin tuƙi akwai shafin tacewa, inda kowane aiki ke da saurin tashi da saurin sauka, wato Rise Rate da Fall Rate. An yi su ne don su tausasa dannawar kibod da pad. In da sitiyari kake, ka mai da su nan take, ka cire duk wata lanƙwasa a yadda sitiyari ke amsawa, da ragin juyinsa da ke ƙaruwa da gudu. In ka bar su, tayoyi za su riƙa bin hannunka a makare, ka gyara zamewa bayan ta riga ta wuce, motar ta watsa ɗaya gefen, kana ta lilo har ka faɗa rami. Mai pad kuma akasin haka zai yi: ya bar ɗan jinkiri a sitiyari, ya bar ragin gudu, don kada ɗan motsin babban yatsa a kilomita 140 ya jefar da motar.

Juyin sitiyari ka sa shi wajen digiri 540 daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A 900 hannu ba ya cim ma bayan mota idan ya ƙwace, a 270 kuma komai ya yi zafi da yawa. Ka tabbata totur da birki kowanne na kan layinsa daban, domin wasu tsofaffin feda suna haɗe su wuri ɗaya, in ka taka biyun su soke juna, birkin ƙafar hagu ya gagara. Ƙarfin da sitiyari ke mayar wa hannu kada ka ƙure shi. In ya yi yawa, ƙaramin dutse da babban rami nauyi ɗaya za su zo maka, ka rasa alamar da ta fi kowace amfani, wato sauƙin da sitiyari ke yi a daidai lokacin da tayoyin gaba suka saki ƙasa.

Maɓallai uku ake mantawa: birkin hannu, tayar da inji, da kiran taimako. Injin yana mutuwa idan ka juya ko ka yi karo, kuma agogo ba ya jiran ka nemo maɓalli. Giya kuma ka riƙa sa ta da kanka tun ranar farko. Mai canza kanta takan hau sama a tsakiyar kwana, daidai lokacin da kake buƙatar ƙarfi ya fito da kai.

Sai kyamara. Ta bayan mota tana ɓoye maka gudu, ka yi amfani da ta cikin mota ko ta kan bonet. Faɗin gani ma yana da lissafi. Allo mai inci 24 faɗinsa kusan santimita 53 ne, in ka zauna nesa da shi santimita 60, abin da idonka ke ɗauka wajen digiri 48 ne a kwance. Idan wasan na cusa digiri 90 cikin wannan allo, hanya za ta tsuke, kwana ta yi kamar tana nesa alhali ta iso. Ba dole ka bi lissafin ƙwaya da ƙwaya ba, amma ka matso kusa da shi.

Nauyin mota, inda ƙarfin wasan yake

Abin da ya raba wannan wasa da takwarorinsa na lokacin, irin su jerin Colin McRae Rally, shi ne motar ba ta juyawa don ka murɗa sitiyari kawai. Kowace taya tana da nata riƙon, gwargwadon nauyin da ke kanta da irin ƙasar da take takawa. Nauyin motar kamar ruwa ne a daro da aka ɗauko a hannu: ka tsaya, ya kwararo gaba, ka zabura, ya koma baya, ka karkata, ya bi gefe. Idan ka taka birki, tayoyin gaba sun samu nauyi sun kama ƙasa, na baya sun yi sakayau suna neman zamewa. Idan ka ba da wuta, baya ya zauna, gaba ya yi sauƙi ya ƙi shan kwana. Duk tuƙin wasan a kan wannan ya tsaya.

Ga yadda ake shan matsakaiciyar kwana a burji. Ka fara birki motar tana miƙe, da ƙarfi a farko, kana sauke giya ɗaya bayan ɗaya. Babu ABS, na'urar da ke hana taya kullewa a birki, don haka in ka ji tayoyi sun kulle suna jan ƙasa, ka ɗan sassauta, domin tayar da ta kulle ba ta juya mota ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe. Kafin bakin kwanar, kana cikin sakin birki a hankali, ka karkata sitiyari. Sauran nauyin da ke gaba zai cusa hancin motar ciki, bayan ya ɗan fita. Wannan fitar ita ake nema, kada ka tsorata. Da hancin ya kalli mafita, ka ba da wuta a hankali kana warware sitiyari, tayoyi huɗun su ja ka waje.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Wani ya saki birki gaba ɗaya tun kafin ya karkata, nauyi ya koma tsakiya, motar ta miƙe. Da ya ga haka sai ya ƙara murɗa sitiyari, abin da ke ƙara lalata riƙon tayoyin gaba. Gyaran shi ne ka ɗan warware sitiyarin, ka ɗaga ƙafa ko ka taɓa birki kaɗan, nauyi ya dawo gaba. Wani kuma bayan motar ya fita, ya firgita ya saki totur kwatsam, nauyi ya ƙara barin baya, ya juya gaba ɗaya. Na uku ya mai da sitiyari gefen da bayan ya nufa, daidai ne, amma ya makara wajen dawo da shi, sai tayoyi su kama ƙasa su wurga shi ɗaya ɓangaren. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne kashe mota, saboda wurgin na biyu ya fi na farko ƙarfi.

Akwai lissafin da ya kamata ya zauna a ka. Nisan da birki ke buƙata yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Wanda ya saba tsayar da mota daga kilomita 60, idan ya zo da 120 ba ninki biyu na fili yake buƙata ba, huɗu ne. Hanyoyin wasan kuma an yi su da faɗin hanyar daji ta gaske, mota ɗaya da ɗan rara, ga rami a gefe, ga kututture a cikin ciyawa. Sauri kan haifi nawa, in ji masu magana, a nan kuwa agogo ne ke tabbatar da hakan: daƙiƙa biyun da ka ci da ganganci, juyi ɗaya zai karɓe ashirin.

Makarantar tuƙi ta wasan, wadda aka kwaikwayo daga wata makarantar rali ta gaske a Wales, tana koyar da wannan duka, har da birkin ƙafar hagu, juyi da birkin hannu, da salon 'yan Sikandinebiya na fara karkata mota gefen da ba shi ne na kwanar ba kafin a wurgo ta ciki. Kada ka tsallake ta. Bayan ita, ka ɗauki zango ɗaya, Harwood Forest na Ingila ya dace da yake wajen kilomita 6 ne, ka haramta wa kanka wuce giya ta 3. Ka kammala shi sau biyar a jere ba tare da ka taɓa komai ba, sannan ka buɗe ta 4. Hanya ce mai gundura, amma babu wadda ta fi ta gajarta.

Sauraron mai karanta hanya

A rali ba ka ganin abin da ke bayan tudu, da kunne ake tuƙi. Tsarin asali na wasan sunaye yake ba kwanoni, daga mafi buɗewa zuwa mafi tsanani: Flat, Easy, Fast, Medium, K, 90, sai Hairpin. A manyan motocin masu giya 6, ƙiyasin farawa shi ne Flat a ta 6 ba ɗaga ƙafa, Easy a ta 5, Fast a ta 4, Medium a ta 3, K a ta 2 ko ta 3, 90 a ta 2, Hairpin a ta 1 da birkin hannu. Ƙiyasi ne kawai, gangara da jiƙewar ƙasa suna sauke kowanne da giya ɗaya.

Tarkon da ke cikin sunayen nan shi ne Fast. Sabon shiga yana jin ta sai ya ƙara wuta, alhali ta fi Easy matsewa, kuma sau da yawa tana buƙatar birki. K ma haka, harafi ɗaya ne da ke wucewa a kunne, amma kwana ce da ke neman ka rage gudu sosai.

Lambobin da ake kira tsakanin kwanoni mita ne. A gudun kilomita 100 cikin awa, motar na cin kusan mita 28 duk daƙiƙa, don haka in ka ji 100, abin da ya rage maka bai kai daƙiƙa 4 ba, a ciki za ka yi birki ka sauke giya. In ka ji 30, ka ɗauka kwanonin biyu a haɗe suke, ka fita daga ta farko a gefen da zai ba ka shiga ta biyu. Kalmomin da ke bin bayan sunan kwana sun fi sunan kansa muhimmanci. Tightens na nufin tana ƙara matsewa a ciki, ka shiga da gudun ƙarshenta. Don't cut na nufin akwai dutse ko rami a cikin kwanar. Over crest na nufin a kan tudu take, inda mota ke yin sauƙi, birki da sitiyari duk su rage aiki, saboda haka ka gama birkinka kafin ka hau.

Raunin yana nan shi ma. Karatun asali ba ko'ina yake daidai ba. Za ka tarar da Medium biyu a zango ɗaya da ba su yi kama da juna ba, kuma inda kwanoni suka yi cincirindo muryar takan makara. Ka shiga saitin karatun ka ƙara nisan kira, yadda za ka riƙa jin kwana tun kana cikin wadda ta gabace ta. In ka ƙara fiye da kima, za ka riƙe kwana uku a ka ka rikice, don haka ka ɗaga kaɗan-kaɗan. Alamomin da ke fitowa a allo kuma, da zarar kunnenka ya saba, ka kashe su, suna ɗauke ido daga hanya.

Ƙasa iri-iri

Burji shi ne gidan wasan. Ingila taushi da santsi, Japan ƙunci da ciyawar da ke ɓoye gefen hanya, Amurka buɗaɗɗiya mai gudu da duwatsu, Ostareliya tudu da tsalle. Wajen tsalle, ka gama rage gudu kafin tudun, ka saki birki, ka hau da ɗan totur da tayoyi a miƙe. In ka hau kana kan birki, hanci zai nutse ya fara dira. Zangon Mineshaft yana da wata gangara mai kama da faɗawa rijiya, wadda ba a yi mata jarumta.

A Finland, inda ake tuƙi a kan ƙanƙara, tayoyin sirara ne masu ƙusoshi, riƙonsu ya fi yadda ido ke zato. Ana iya ɗan jingina bayan mota da tarin ƙanƙarar gefen hanya, amma in hanci ya shiga, sai ta ja motar gaba ɗaya ta riƙe.

Faransa ce inda wasan asali ya gaza. Motar tsere a busasshiyar kwalta kamata ya yi ta manne, ta amsa sitiyari nan take, in za ta saki ta saki farat ɗaya. A nan kuwa tana ɗan yawo, tana zamewa a hankali, kai ka ce burji ne aka shafa wa baƙin fenti. Zangunan kansu, Joux Plane da Bisanne da Côte d'Arbroz, suna da kyawun tsari, lissafin tayar ne bai kai ba. Ka tuƙa su da tsabta, birki a miƙe, ba watsa baya sai a Hairpin, amma kada ka ɗauki darasin kwalta daga nan.

Lalacewa

Ana iya saita lalacewa daga babu har zuwa irin ta gaske. A matakin gaske, karo ɗaya da hanci yana fasa lagireto, ruwa ya tsiyaye, zafin inji ya hau, bayan ɗan lokaci ya mutu murus. In haka ta faru kuma ƙarshen zango ya kusa, ka riƙa sa giya ta sama da wuri, ka rage wuta, wataƙila ka kai. Dutse a cikin kwana yana lanƙwasa ƙafar mota ta riƙa ja gefe ɗaya. Mummunar dira tana kashe shakazoba. Giyabos kan rasa giya. Babu maɓallin mayar da lokaci baya. Idan ka maƙale, kiran taimako zai sa 'yan kallo su fito da kai, a ƙara maka lokaci. A cikin gasa kuma lokacin gyara a sansanin makanikai ƙayyadadde ne, ka fara da abin da ke sanyaya inji, sai ƙafafu da sitiyari, bodi ya jira.

Shawara a nan ita ce ka koyi zango da lalacewa mai sauƙi, amma kada ka daɗe a can. Wanda ya saba jingina da bishiya ba tare da hukunci ba yana koyon tuƙin da ba zai yi masa amfani ba. Abin haushi ɗaya, wanda laifin wasan ne, shi ne wasu ƙananan abubuwan gefen hanya da ido ke rainawa suna tsayar da mota cak. Babu dabara a nan sai haddace inda suke.

Taɓa saitin mota

Shafin saitin yana da zurfi har ya yi yawa: sifirin, shakazoba mai saurin matsewa da na dawowa, sandunan hana tangaɗi, iskar taya, matsin birki gaba da baya, da jadawalin na'urorin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi, ta gaba da ta tsakiya da ta baya. Wasan ba ya bayyana yawancinsu, wannan ma rauni ne. Saitin da motar ta zo da shi ya isa har ka iya kammala zango lafiya a kai a kai. Kafin nan, matsalar ba a motar take ba.

In lokaci ya yi, abu ɗaya ake canzawa, a gwada a zangon da aka sani, a rubuta. Motar da ke juyawa da kai duk sanda ka taka birki, matsin baya ya yi yawa, ka rage shi. Wadda tayoyin gabanta ke saurin kullewa tana miƙewa, ka rage na gaba. Wadda ke ƙin shan kwana a tsakiya, ka tausasa sandar tangaɗi ta gaba ko ka ɗan ƙarfafa ta baya. Wadda ke sake tashi bayan ta dira daga tsalle, ka ƙara ƙarfin dawowar shakazoba. Ƙara kulle na'urar tsakiya yana sa mota ta natsu a miƙe amma ta yi taurin kai a kwana. Zaɓen taya kuwa ya fi duk waɗannan tasiri: tayar busasshiyar ƙasa a jiƙaƙƙen zango ba saitin da zai cece ta.

Gyare-gyaren masoya wasan

Abin da ya raya wasan har yau aikin sa-kai ne. Wani mai suna WorkerBee a fagen ya sake rubuta lissafin motsin mota, aka kira shi NGP, wanda ya gyara kwalta sosai, ya kuma buɗe ƙofa ga motoci masu yawa, daga tsofaffin masu jan baya da na Group B, wani tsohon ajin motocin rali masu tsananin ƙarfi, har zuwa na zamani. Shi ne kuma ya yi manhajar da ke ba ka damar gyara karatun hanya da kanka. Dandalin RallySimFans, wanda 'yan Hungary suka kafa, ya tattara waɗannan cikin manhajar girki ɗaya, da ɗaruruwan zanguna da gasa ta intanet, inda kowa ke tuƙa zangonsa shi kaɗai a kwatanta lokaci. Ka tanadi gomman gigabayt in za ka kwashi zanguna da yawa, kuma ka girka shi a folda daban da ta wasan asali.

Ba komai suka gyara ba. Hoton na DirectX 9 ne har yanzu, zangunan masoya kuma hannu-hannu ne: wani an auna shi daga hanyar gaske da ƙwarewa, wani ramukansa da karatunsa ba su da tabbas. Saitin motar da ka yi a wasan asali ba ya aiki a NGP, sai ka sake daga na motar. Kada ka fara da mota mafi ƙarfi, ka ɗauki ƙaramar mai jan gaba, wadda ke tilasta maka juya ta da birki tunda ba ta da ƙarfin da zai rufe kuskure. Sannan ka duba tsarin karatun da aka sa maka kafin ka tashi. Da yawa suna amfani da lamba 1 zuwa 6 maimakon sunaye, kuma a tsarin da ya fi yaɗuwa 1 ce mafi matsewa, 6 mafi buɗewa, amma akwai masu juya shi. Ka gwada a zangon da ka haddace, ka ji lambar da aka kira a kwanar da ka san tana buƙatar giya ta 2.